Hutun da Ya Cinye Inna

Sunana Rakiya, ina koyarwa a wata firamare a nan Minna. Mahaifiyata, wadda duk Tudun Wada ke kira Inna Mai Waina, ta rasu bara da damina. Na so in jira zuciyata ta lafa kafin in rubuta wannan, sai na ga ba ta da niyyar lafawa, don haka ga shi nan yadda yake. Wanda ke da tsoho a gida da hannunsa ya fara rawa, don shi na rubuta.

Hannunta na dama ne ya fara. In tana aiki ba ka ganin komai, sai ta zauna ta ɗora shi a cinya za ka ga babban yatsa da manuni suna murza juna kamar mai jan carbi. Duk muka ce gajiya ce. Mace ce da ta shekara da shekaru tana hura wuta tun asuba, ta aza tanda a bakin titi, ta yi ta zuba ƙullu har hantsi. Da wainar nan ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, ni da yayana Ɗanlami. Sai ga waina ta fara ƙonewa a gabanta tana kallo, hannun ba ya kaiwa da wuri. Tafiyarta ta koma 'yan ƙananan taku, tana jan ƙafa, ta ɗan duƙa gaba. Fuskarta ta daina motsi. Masu sayen waina suka riƙa tambayata wa ya ɓata wa Inna rai. Ita kuwa ba wanda ya ɓata mata.

Makonnin farko a kemis suka tafi. Aka ba ta maganin zazzaɓi, aka ba ta na taifot, aka ƙara da na ƙarin jini. Gwaggo Hansatu, ƙanwar babanmu, ta zo da turare da wani jiƙo mai ɗaci, ta ce hannu aka sa mata, kuma ta san ko su waye, masu wainar tsallaken titi. Inna ta sha jiƙon har ya ɓata mata ciki, hannu bai daina ba.

Ni ke zaune da ita tun da aurena ya mutu, don haka ni na kai ta asibiti. Wanda ya taɓa bin layin kati ya san abin da nake nufi. Mun isa ana sallame sallar asuba, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Ya sa ta tashi ta je bakin ƙofa ta dawo, ya lanƙwasa mata gwiwar hannu, ya ce ta buɗe tafin hannu ta rufe da sauri. Sannan ya dube ni.

"Fakinsin ne. Ba ya warkewa, amma magani na sassauta shi. Ta riƙa sha a kan lokaci."

Ya rubuta, ya kira na gaba. Ina gode masa har gobe, don shi ya fara gaya mana sunan abin da ke damunta, kuma maganin ya yi aiki, rawar hannun ta ragu. Amma kalma ɗaya ce bai faɗa ba, ita ce ta riƙa motsa jiki. Ko ya ɗauka mun sani, ko yawan mutanen da ke bakin ƙofa ne ya hana shi, Allah masani. Mu dai muka koma gida muka yi abin da kowane ɗa zai yi. Aka sauke tanda. Inna zauna. Inna bari a ɗauko miki. Inna kwanta ki huta. Cikin 'yan watanni, wadda ke zuwa kasuwa da ƙafarta ta koma sai an kama ta take tashi daga kujera.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙofa. Tana cikin tafiya, da ta iso bakin ƙofa sai ƙafafun su kafe kamar an manna su da ƙasa. Jikin yana son wucewa, ƙafa ta ƙi. Rannan a ƙofar banɗaki abin ya kama ta, tana riƙe da buta, har fitsari ya zubo mata a tsaye.

A layin karɓar magani na haɗu da wata Bafulatana mai tallar nono, wadda mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ta ga yadda nake jan Inna, ta ce, "Ba ku kai ta wurin gashi ba?"

Na ce ai ba karaya ta yi ba.

Ta ce, "Nawa ma ba karaya ya yi ba. Ku zaga baya, ku tambayi Madam Saratu."

Ɗakin gashin yana can ƙuryar asibiti, bayan wurin wanki. Ƙarafa biyu dogaye da ake dafawa a yi tafiya a tsakaninsu, wani keke da ba ya zuwa ko'ina, fanka da ba ta juyawa, da mutane jingim a kan benci. Mace ɗaya ce ke fama da su duka. Madam Saratu Bagwariya ce, Kirista, gajera, ga murya. Hausarta irin ta mutanenmu na Minna ce, mace ma "ka" take ce mata. Ta kalli yadda na rungumo Inna zan zaunar da ita, ta daka mini tsawa.

"Sake shi! Kai ne ƙafan Mama?"

Ta tambayi tun yaushe, na faɗa. Ta girgiza kai, ta ce, "Kun makara, amma ba ku makara duka ba." Ta durƙusa gaban Inna. "Mama, wannan ciwo yana son mutum ya zauna. In ka zauna, ya ci ka. Magani rabi ne, motsi rabi."

A ranar ta koya mata tashi daga kujera: matso gaba, ja ƙafa baya, kai hanci saitin yatsun ƙafa, sannan a miƙe. Ta sa ta ɗaga hannu sama har ƙarshe, ta buɗe baki ta kira sunana da ƙarfi, wai ciwon yana rage komai na mutum, taku da murya da motsi, sai an riƙa yin komai da girma. Da muka zo kan maganar ƙofa, sai ta tambayi Inna wane kiɗa ta fi sani a duniya. Inna ta ce ita ba ta san kiɗa ba, aiki ta sani.

"Daka fa?"

Inna ta ce wannan kam ta sani.

Madam Saratu ta ɗauki sanda ta shiga buga ƙasa irin luguden mata biyu a turmi ɗaya, dim, dim, dim, dim. Ta ce, "Mama, kar ka kalli ƙofa. Ji turmi. Taka a kansa." Ina tsaye ina kallo Inna ta ɗaga ƙafa, ta taka, ta sake takawa, ta wuce ƙofar kamar ba ita ba. Ta juyo ta dube ni. Fuskar ba ta motsa ba, amma idanun sun cika.

Madam ta bayyana mini cewa abin da ke sa ƙafa tafiya da kanta ba tare da tunani ba shi ne ya lalace, amma in an ba ta wani abu daga waje ta bi, sauti ko layi a ƙasa, sai ta bi. Na koma gida na ja layuka da gawayi a simintin tsakar gida, tun daga ɗaki har banɗaki. Kullum kafin in tafi makaranta da bayan la'asar muna yi, ina buga taɓarya a turmi tana taka layi. Duk mako kuma mu shiga keke mai ƙafa uku mu je wurin Madam. Ba sauƙi. Wani zuwan mu tarar ba ta nan an tura ta taro, wani zuwan layi ya ƙare ba a kai kanmu ba. Maganin kuma duk komawa kemis sai na tarar ya ƙara kuɗi, albashin malamar firamare kuwa an san shi. Yaya Ɗanlami yana taimakawa da na magani, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Amma Inna ta dawo. Ta koma yin alwala da kanta, tana sallah a zaune amma ita ke tashi. Muryarta ta fito har ta koma yi mini faɗa a kan gishirin miya. Wata safiya na tashi na tarar ta jiƙa shinkafa, wai tana marmarin wainar hannunta. Ta soya, rabi ta ƙone, muka cinye har ƙonanniyar.

Ana cikin haka bikin Maryam ya zo, 'yar farin Yaya Ɗanlami, wadda Inna ta yi wa wankan jego da hannunta. An yi wunin bikin a gidansa da ke Ketaren Gwari. Hayaniya da cunkoso suna ƙara kafe ta, don haka ni da wata 'yar uwa muka riƙo ta daga bakin keke har kujera, kowa na gani, ana ta sannu Inna. Da yamma mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka fara kiɗa, aka fito da amarya tsakiyar fili. Ban ankara ba sai na ga Inna ta matso bakin kujera, ta ja ƙafa baya, ta miƙe. Ta taka kan kiɗan nan ta ratsa fili ita kaɗai, kafaɗunta na ɗan juyawa, har ta isa gaban jikarta, ta ciro 'yan kuɗi daga bakin zani ta manna mata a goshi. Wuri ya kaure da guɗa. Masu kiɗa don mamaki suka tsaya. Da kiɗa ya tsaya, Inna ta kafe a tsakiyar fili, hannu na karkarwa, ta kasa gaba ta kasa baya, sai da na je na ɗauko ta.

Ni a wurina ranar farin ciki ce. Ban san wata ta ɗauka a waya ba.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga dangi, ya fita waje. Wasu suka ce ashe tsohuwar lafiyarta ƙalau, langaɓewa take a ji tausayinta. Wasu suka ce a'a, wanda ba ya iya tafiya sai an kaɗa masa ƙwarya ai an san abin da ke kansa. Wani abokin Yaya a kasuwa ya nuna masa a waya yana dariya, bai san uwarsa ba ce.

Yaya ya zo gida da Gwaggo Hansatu bayan sallar Juma'a. Bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon layukan gawayi da turmin da ke tsakar gida.

"Wannan ne maganin da kike yi mata?"

Na ce, "Yaya, a asibiti aka koya mana. Ka zo mu je ka ji da kunnenka."

Gwaggo ta ce, "Asibitin ne ya ce a riƙa yi wa iska kiɗa? Ke ba ki ga yadda ta tashi ba? Ina aka taɓa ciwon da ke jin ƙwarya? Kina kiran su kullum safe da yamma, ta yaya za su bar ta?"

Na yi bayani iya yina, na faɗi abin da Madam ta ce game da sauti da layi. Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Rakiya, uwata ba abar kallo ba ce. Ta wahala a kanmu, yanzu lokacin hutunta ne, ke kuma kin mai da ita soja kina ba ta fareti. Ki haɗa mata kaya, gidana za ta koma."

Na juya wurin Inna, ina jiran ta ce a'a. Ashe wata maƙwabciya ta riga ta nuna mata bidiyon. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Na ga kaina, Rakiya. Ni ma da wata na gani haka, abin da zan ce ke nan. Ki bi yayanki."

Wannan maganar ta fi duk abin da Gwaggo ta faɗa yi mini ciwo.

A Ketaren Gwari an ba ta ɗaki mai kyau, katifa mai laushi, fanka, ƙasa shimfiɗe da tayil mai santsi. Matar Yaya, Anti Hauwa, mutuniyar kirki ce, kuma da zuciya ɗaya ta yi jinyar. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke kawo mata fo har gado don kada ta wahala zuwa banɗaki, ita ke juya ta. Magani ana ba ta, amma sai an tuna, wani lokaci da hantsi, wani lokaci bayan azahar. Wani malami yana zuwa yi mata karatu, kuma ni ban taɓa faɗa da wannan ba, addu'a ba ta hana motsa ƙafa. Abin da aka hana shi ne motsin.

Ina zuwa duk bayan makaranta. A makon farko na rufe ƙofa, na tashe ta, ina tafa hannu a hankali tana takawa daga gado zuwa taga. Yaya ya dawo ya ji. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Ba a gidana ba. In za ki gaishe ta ki gaishe ta, in wannan ya kawo ki, ki tsaya a Tudun Wada."

Na je na gaya wa Madam Saratu. Ta ce a ranar hutunta za ta zo da kanta ta yi masa bayani, ba sai an biya ta ba. Na kai masa saƙon. Ya ce, "Ita likita ce? Mai tausa ce fa. Ki ce mata mun gode."

Daga nan sai kallo. A wata na farko ta daina iya tashi zaune da kanta. A na biyu gwiwoyinta suka lanƙwashe, in ka ja su ta yi ƙara. Muryar da muka sha wahala muka dawo da ita ta koma raɗa, sai ka kai kunne bakinta. Anti Hauwa ta kira ni gefe rannan ta nuna mini wani gyambo da ya ɓullo a ƙugunta, tana kuka, tana cewa wallahi kullum sai ta shafa mata mai. Na san gaskiya ta faɗa. Sai kuma ƙwarewa: ko kunu aka ba ta sai ta yi ta tari har idonta ya yi ja. Dangi na zuwa dubiya suna yaba ɗakin, suna sa wa Yaya albarka, suna cewa haka ake son ɗa.

Da zazzaɓi ya rufe ta, numfashi na fita da ƙyar, sai aka kwashe ta zuwa asibiti. Likitan da ya duba ta ya ce abinci ne ke bin hanyar iska yana sauka a huhu. Ya ɗaga zanin ya ga ƙafafun, ya ga gyambon, ya tambaya tun yaushe take kwance. Yaya ya faɗa. Likitan ya ce, "Wa ya ce ku kwantar da ita?"

Nas-nas ɗin ɗakin sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, musamman wata da ke wanke gyambon ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Amma gadon da muka samu sai da muka wuni a baranda kafin a ba mu, kuma rabin abin da aka rubuta sai a waje muka sayo.

Ranar Alhamis da la'asar ana ruwa, Inna ta buɗe ido ta motsa leɓe. Na kai kunne. Ta ce, "Ki tashe ni. Ina so in tsaya."

Na dubi Yaya, na gaya masa abin da ta ce. Bai yi musu ba. Ya kama ta ta dama, na kama ta hagu, muka sauko da ita bakin gado. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka ɗaga ta, amma ƙafafun suka ƙi miƙewa, suna nan a naɗe kamar na mai zaman tahiya, yatsun ko ƙasa ba su taɓa ba. Ta yi ta ƙoƙari, ina jin jikinta na rawa a hannuna. Can ta ce, "Ku mai da ni." Muka mai da ita. Yaya ya fita ya tsaya a cikin ruwan. Kafin magariba Inna ta cika.

Na san kwana ne ya ƙare. Na san ciwon ba ya warkewa, likita ya faɗa tun ranar farko, kuma ko da na ci gaba da buga turmi wata rana zai kai ta ƙasa. Ba ina jayayya da hukuncin Allah ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin tsohuwar da ke alwala da kanta da wadda aka naɗe a katifa gyambo na cin ta, kuma wannan bambancin mu muka yi shi da hannunmu, muna kiran sa biyayya.

Ranar uku Madam Saratu ta zo gaisuwa. Ta yafa mayafi, ta zauna a tabarma cikin mata, ba wanda ya san ta sai ni. Gwaggo Hansatu na ba masu gaisuwa labari, tana cewa, "Ai mu kam mun yi iya yinmu. Ɗanlami bai bar ta ta nemi komai ba. Wallahi ko cokali ba a bari ta ɗaga ba."

Madam ta ɗago kai, ta ce a hankali, "Da kun bari ya ɗaga, Mama."

Gwaggo ta tambayi wace ce wannan. Na ce baƙuwata ce. Na raka ta har bakin titi ta hau keke, ko kuɗin keken ba ta yarda na biya ba.

To ga abin da zan ce wa mai irin wannan jinya. In likita ya kira sunan ciwon, kada ka fita sai ka tambaye shi ina ake koyar da motsa jiki, don ba lallai ya tuna ya faɗa ba. Maganin a ba shi a kan lokacinsa, ba sai an tuna ba. Abin da tsohonka zai iya yi da kansa, ko zai ɗauke shi rabin wuni, ka haɗe tausayinka ka bar shi ya yi. In ka ga ya kasa tafiya yanzu, anjima kuma ya taka, ba ƙarya yake ba, ba kuma wani abu ne a kansa ba, haka ciwon yake. Kuma tun ranar farko ka ja babban gidanku, wanda in ya yi magana ta zauna, ka kai shi ɗakin gashi ya gani da idonsa, tun kafin wani ya nuna masa a waya.

Ni da Yaya muna gaisawa. In mun haɗu a sabgar dangi ina durƙusawa in gaishe shi, ya tambayi makaranta, in ce lafiya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da babbar sallah ya aiko mini da cinyar rago guda, irin wadda bai taɓa aiko mini ba. Na karɓa, na ce a yi masa godiya. Na yanka ta gunduwa-gunduwa na raba wa maƙwabta, ban bar ko tsoka ɗaya ba.